Yadda Ake Haɗa Sanwic Marar Nama Da Na Abincin Teku A Gida

Duk wanda ya taɓa gwada haɗa sanwic ba tare da nama ba ya san abin da yakan faru a karon farko. Za a yanka burodi, a jera tumatir da kokwamba da latas, a rufe, amma idan aka zo ci sai a tarar burodin ya jiƙe jagab, abin da ke cikinsa kuma ya yi lami. Daga nan mutane da yawa sukan ɗora laifin a kan rashin nama, su haƙura. A ganina akwai gyara a wannan hukunci, domin ayyukan da nama yake yi a cikin burodi sanannu ne: yana kawo gishiri, yana kawo maiƙo, yana ba haƙori abin taunawa, sannan ba ya zubar da ruwa mai yawa bayan an dafa shi. Idan aka cire shi, dole a nemo waɗanda za a raba wa waɗannan ayyuka, kuma dole a yi maganin ruwan da kayan lambu suke ɗauke da shi, tun da kokwamba kusan kashi 95 cikin 100 na nauyinta ruwa ne, tumatir kuma bai yi nisa da haka ba.

Sunan abincin ya samo asali ne daga John Montagu, wani basarake a Ingila mai riƙe da sarautar garin Sandwich, wanda ya rayu daga 1718 zuwa 1792, kuma abin da aka danganta masa shi ne yankan nama tsakanin burodi biyu. Ke nan tun farko a kan busasshen abu aka gina tsarin, wanda kuwa ya sauya abin da ke tsakiya sai ya sauya yadda yake bi da sauran. Matakan da ke tafe an jera su yadda aikin yake gudana a kicin, daga burodi zuwa naɗewa.

Mataki na farko: zaɓen burodi

Ƙa'idar a nan gajeriya ce: taushin burodi ya dace da taushin abin da za a sa masa. Haɗin ƙwai ko na tuna, waɗanda suke da laushi, suna son burodi mai laushi, domin idan ɓawon ya yi tauri, da zarar an ciza sai haɗin ya tsarto ta gefe. Soyayyen kifi da jatan lande da gasasshen yalo kuwa suna son dogon burodi mai ɗan ƙarfin ɓawo wanda zai iya riƙe nauyinsu. Faffaɗan burodi mai aljihu, irin wanda ake kira fita a Gabas ta Tsakiya, shi ya fi dacewa da ƙananan abubuwa masu warwatsewa.

Kaurin yanka ya kasance kamar santimita 1 zuwa 1 da rabi. Idan za a gasa, ina ba da shawarar a gasa fuska ɗaya kawai a kasko, a mai da gasasshiyar fuskar ciki, ta yadda ita za ta tare ruwa, wajen kuma ya zauna da taushinsa. Kada a ajiye burodi a firji, domin sanyin firji yana sa sitacin da ke cikinsa ya sandare da wuri, ya bushe kafin lokacinsa. Idan ya yi yawa, a yanka shi a sa a firiza, a riƙa ciro na buƙata.

Mataki na biyu: shafi

Shafin da ake yi wa burodi yana ƙara daɗi, amma babban aikinsa shi ne ya zama katanga, saboda mai da ruwa ba sa haɗuwa. Bota mai laushi, ko mayonis, ko niƙaƙƙen riɗi, ko cuku mai shafuwa, duk suna yin wannan aiki, da sharaɗin a shafa su a fuskokin biyu har zuwa bakin burodin, kada a tara a tsakiya a bar kusurwoyi a buɗe. Yogot shi kaɗai ba ya tare ruwa, domin shi kansa ruwa ne mafi yawansa. Wanda yake son ya rage maiƙo sai ya zuba yogot ɗin a tsumma mai tsabta ya rataye shi a cikin firji na awa 2 ko 3 har ya yi kauri, sannan ya gauraya shi da mayonis rabi da rabi.

A cikin shafi ne ya fi sauƙi a ɓoye ɗanɗano. Babban cokali 3 na mayonis, da ƙwayar tafarnuwa 1 da aka daka da ɗan gishiri, da ƙaramin cokali 1 na ruwan lemun tsami, sun isa su tashi sanwic biyu daga lami zuwa abin marmari. Ana iya ƙara mustad (wani rawayan shafi mai ɗan yaji), ko garin barkono, ko yankakken ganyen na'ana'a, gwargwadon abin da za a ɗora a kai.

Mataki na uku: tsane kayan lambu da samar da tsami

Wannan mataki shi aka fi tsallakewa, alhali kuwa a kansa nasarar aikin ta fi rataya. A yanka tumatir, a shimfiɗa shi a kan tsumma ko takardar tsane ruwa, a barbaɗa masa gishiri kaɗan, a bar shi minti 10. Gishirin zai jawo ruwan waje, ya kuma shiga cikin tumatirin ya fito da zaƙinsa. Haka za a yi wa kokwamba, sai dai ita a ɗan matse ta a hankali bayan minti 15. Latas a wanke shi tun da wuri, a bar shi ya bushe sarai, domin ɗigon ruwan da ya maƙale a ganye ɗaya ya isa ya ɓata burodi.

Sai batun tsami, wanda shi ne yake yanke nauyin maiƙo, ya sa baki bai gundura ba. Hanya mafi sauƙi ita ce jiƙaƙƙiyar albasa. A yanka jar albasa 1 siriri-siriri a zuba a kwalba. A tafasa rabin kofin ruwa da rabin kofin ruwan khal (wato binega), da babban cokali 1 na sukari da ƙaramin cokali 1 na gishiri, a juye a kan albasar, a rufe. Bayan minti 30 za ta yi laushi, zafinta ya kwanta, launinta ya koma ruwan hoda mai haske, kuma tana iya yin mako 2 a firji. Da wannan ruwan ake jiƙa karas da aka yanka kamar tsinken ashana, kamar yadda ake yi a sanwic ɗin ƙasar Biyetnam. Ni dai duk sanwic ɗin da na ɗanɗana na ji wani abu ya rage, nakan fara zargin tsami kafin gishiri, kuma sau da yawa a nan matsalar take.

Mataki na huɗu: abin da zai tsaya a gurbin nama

Ƙwai shi ne mafi kusa da hannu, kuma kowane babban ƙwai yana ɗauke da furotin kamar giram 6. A bari ruwa ya tafasa, a saka ƙwai 4 a hankali da cokali, a ba su minti 10 zuwa 11, sannan a tsame su kai tsaye cikin ruwan sanyi. Idan suka wuce haka a wuta, wani koren zobe yakan fito a jikin gwaiduwa, sakamakon haɗuwar sinadarin ƙarfe na gwaiduwar da farar wuta ta farin ƙwan. Ba ya cutarwa, amma yana zuwa da ƙarni da bushewa. A ɓare, a raba gwaiduwa da fari. A murje gwaiduwar da babban cokali 2 na mayonis, da ƙaramin cokali 1 na mustad, da ɗan lemun tsami da gishiri da masoro, har ta yi sumul, sannan a yayyanka farin da wuƙa a zuba a juya sau biyu ko uku kawai. Amfanin wannan rabawa shi ne a samu laushi da abin taunawa a loma ɗaya, maimakon a dagargaza komai ya zama kunu. A Japan ana zuba irin wannan haɗi a farin burodi mai taushi da aka yanke wa gefe, ba a ƙara masa komai, kuma ya ishi kansa. Mai son ƙari sai ya sa ganyen albasa da kokwambar da aka tsane.

Na biyu shi ne waken nan mai siffar ƙaramar gurjiya wanda Larabawa suke kira hummus. Gwangwani mai giram 400 yakan ba da wake kamar giram 240 bayan an tsiyaye ruwansa. Idan busasshe ne, a jiƙa shi ya kwana, a dafa shi awa 1 zuwa awa 1 da rabi har ya riƙa murjewa tsakanin yatsu. A ɗauraye, a tsane, a farfasa da cokali mai yatsu ta yadda rabi zai niƙe, rabi ya zauna da ɓarzarsa. A zuba babban cokali 2 na niƙaƙƙen riɗi ko mayonis, da ruwan rabin lemun tsami, da albasa da karas da aka yanka ƙanana, da ɗan kumin da gishiri. Wannan haɗi yana da wata fa'ida da ƙwai da kifi ba su da ita: yana ƙara daɗi idan ya kwana a firji, kuma ba ya tsatsafar da ruwa, don haka shi ne na fi zaɓa wa sanwic ɗin da za a ɗauka a tafi da shi. Wanda yake son ya soya waken ya zama falafel, wato irin ƙosan da ake yi da shi, ya kiyaye abu ɗaya: da jiƙaƙƙen wake ɗanye ake markaɗa shi, domin dafaffe yakan wargaje a cikin mai.

Laimar kwaɗi, irin wadda ake nomawa don ci, ita ce ta fi kusa da nama a wajen tauna da ɗanɗano, amma ita ce kuma aka fi ɓatawa. Fiye da kashi 90 cikin 100 nata ruwa ne. Muddin ruwa yana kwance a kasko, zafinsa ba zai wuce digiri 100 a ma'aunin Salsiyas ba, alhali kuwa jan nan mai ƙamshi da suya take kawowa, wanda masanin sinadarai ɗan Faransa Louis-Camille Maillard ya bayyana yadda yake faruwa a 1912, ba ya kankama sosai sai zafi ya kai wajen digiri 140. Saboda haka a yanka giram 250 da kauri, a ɗora faffaɗan kasko ya yi zafi sosai, a zuba mai, a shimfiɗa su ba tare da wani ya hau kan wani ba, a ƙyale su minti 3 zuwa 4 ba juyawa. Idan ƙasan ya yi ja, a juya. Sai ruwan ya ƙone ƙaf sannan a sa gishiri da tafarnuwa da ɗan bota, a ba su minti 1 a sauke. Idan kaskon ƙarami ne, gara a soya kashi biyu da a cika shi. A ɗora su da zafinsu a kan gasasshen burodi, da cuku a ƙasa da jiƙaƙƙiyar albasa a sama. Kada a taɓa cin wadda aka tsinko a daji ba tare da masani ya tantance ta ba, domin wasu irinta suna kisa, dafuwa kuma ba ta kashe dafinsu.

Babban yalo mai baƙin ɓawo yana shan mai kamar soso, don haka gashi ya fi masa suya. A yanka shi da kaurin santimita 1, a sa gishiri a bar shi minti 30, a goge ruwan da ya fito, a shafa man zaitun a fuska biyu, a gasa a oben mai zafin digiri 220 na minti 20 zuwa 25, a juya sau ɗaya a tsakiya. Sai cikinsa ya yi laushi tiɓis ake sauke shi, domin yalon da bai nuna ba yana da ɗaci da tauri. Yana tafiya da dafaffen ƙwai da niƙaƙƙen riɗi da tumatir a cikin burodi mai aljihu. A tire ɗaya ana iya gasa jan tattasai da albasa tare da shi.

Cuku kuwa wuta kaɗan yake so. A goga shi a magogi don ya narke da wuri, a shafa bota a wajen burodin, a ɗora a kasko kan matsakaiciyar wuta da ta ɗan yi ƙasa, a rufe, a ba kowane gefe minti 3 zuwa 4. Wanda ya bar nama baki ɗaya ya duba rubutun jikin fakiti, domin wasu nau'o'in cuku, irin su Parmesan na asali, ana daskarar da madararsu ne da wani sinadari da ake samowa daga cikin ɗan maraƙi. Fiya kuma, wadda wasu suke kira afokado, a farfasa ta da gishiri da lemun tsami dab da lokacin ci, saboda iska tana sa ta yi baƙi, lemun tsamin kuma jinkirta hakan kawai yake yi.

Mataki na biyar: kifin gwangwani

Tuna iri biyu ake samu a gwangwani, ta cikin ruwa da ta cikin mai. Ta cikin ruwa ta fi bushewa, ita ce ta dace da mayonis. Ta cikin mai ta fi taushi, lemun tsami kawai take buƙata. Kowace ce, a danna murfin gwangwanin a kanta a tsiyaye ruwan sosai. A juye a kwano, a warware ta da cokali mai yatsu ba tare da an murƙushe ta ba, a sa babban cokali 1 da rabi zuwa 2 na mayonis ga kowane ƙaramin gwangwani, da lemun tsami, da masoro, da wani abu mai ƙaras-ƙaras kamar seleri ko koren tattasai. Albasar da za a sa a yanka ta ƙanana, a ɗauraye ta da ruwan sanyi don kada warinta ya danne kifin. A ɗanɗana kafin a ƙara gishiri, tun da yawancin kifin gwangwani da gishirinsa yake zuwa. Idan ana son mai zafi, a ɗora haɗin a kan burodi, a rufe da cuku, a gasa kamar yadda aka bayyana a sama.

Sardin ya cancanci a ba shi muhimmanci fiye da yadda ake ba shi. Ƙayarsa ta riga ta yi laushi a lokacin da aka dafa shi cikin gwangwani, ana cinye ta, kuma a nan sinadarin kalsiyam ɗinsa yake. Ba ya son mayonis mai yawa domin da maiƙonsa ya zo. A gasa burodi, a goga masa ƙwayar tafarnuwa, a goga rabin nunannen tumatir a kai har naman tumatirin ya shiga, a jera sardin ɗin a buɗe su biyu, a ɗora jiƙaƙƙiyar albasa, a matsa lemun tsami.

Akwai sanwic ɗaya da ya saɓa wa duk abin da na faɗa game da ruwa, kuma yana da kyau a san shi don a fahimci iyakar ƙa'idar. A birnin Nis da ke kudancin Faransa suna yin wani da suke kira fan banya, ma'anar sunan kuwa burodin da aka yi wa wanka. Ana raba zagayayyen burodi mai ƙarfin ɓawo, a rage ɗan cikinsa, a goga tafarnuwa, a yayyafa man zaitun da ruwan khal, a jera tumatir da tuna da dafaffen ƙwai da 'ya'yan zaitun da koren tattasai da albasa. Sai a naɗe shi tamau, a ɗora masa abu mai nauyi, a bar shi a firji awa 2 ko fiye. A nan da gangan ake barin ruwan tumatir da mai su ratsa cikin burodin, abin da ya sa hakan yake yiwuwa kuwa shi ne ɓawon yana da ƙarfin da zai riƙe komai. Idan aka gwada haka da yankakken farin burodi, ba zai kai ko'ina ba.

Mataki na shida: ɗanyen kifi, jatan lande da ƙaguwa

Kifi mai kyau ba ya wari mai hawa kai, namansa kuma idan aka danna da yatsa yakan dawo. Idan daskararre ne, a sauko da shi cikin firji ya kwana, ko a ƙulle shi a leda a nutsa a ruwan sanyi ana canza ruwan kowane minti 30. Kada a bar shi a kan teburi ya narke da kansa. A bi jikin tsokar da yatsa a cire duk wata ƙaya, domin a cikin burodi ido ba ya ganinta, musamman idan yara za su ci. Sannan a goge shi ya bushe, a sa gishiri da masoro.

Idan suya za a yi, farin kifi mai tsoka kamar karfasa ko hek ya fi dacewa, a yanka shi daidai faɗin burodin da kaurin kamar santimita 2. A jera kwano uku: fulawa, kaɗaɗɗen ƙwai, da garin busasshen burodi ko garin masara. A bi da kifin ta cikinsu ɗaya bayan ɗaya, ana kakkaɓe abin da ya yi yawa. Mai ya kai digiri 175 zuwa 180; wanda ba shi da ma'auni ya jefa ɗan guntun burodi, idan ya yi ja cikin kamar minti 1, man ya yi. A soya minti 3 zuwa 4 kowane gefe. Kifi ya nuna idan tsakiyarsa ta kai digiri 63, alamar ido kuwa ita ce tsokar ta daina sheƙi, ta riƙa rabuwa sala-sala. A tsame shi a kan raga maimakon faranti, domin tururin da yake fita ta ƙasa yakan jiƙa ɓawon. Miyar da ta dace da shi ita ce mayonis da yankakkiyar kokwamba mai tsami da ɗan albasa da lemun tsami. A nan kabeji da aka yanka siriri ya fi latas, saboda latas yana yaushi da zarar zafi ya taɓa shi.

Kifi mai maiƙo kamar makarel ba ya buƙatar wannan riga. A bakin ruwan Istanbul na ƙasar Turkiyya an daɗe ana sayar da gasasshen makarel a cikin rabin burodi, da ɗanyar albasa da latas da lemun tsami, ba wani shafi. Don yin irinsa a gida, a ɗora tsokar a kasko mai zafi ta gefen fata, a danna ta da faffaɗan cokali na ɗan lokaci don kada ta lanƙwashe, a bar ta minti 3 zuwa 4 har fatar ta yi ƙaras, a juya a ba ta minti 1. A ɗumama burodin a cikin man da kifin ya fitar.

Jatan lande abu ne mai saurin nuna, kuma mafi yawan kuskuren da ake yi a kansa wuce lokaci ne. A ɓare shi, a tsaga bayansa da bakin wuƙa a zare baƙin zaren nan, wanda shi ne hanjinsa. A ruwa mai tafasa da gishiri, matsakaici yana nuna cikin minti 2 zuwa 3. Idan ya yi ruwan hoda ya lanƙwasa kamar jinjirin wata, ya yi; idan ya naɗe har kai ya taɓa wutsiya, ya wuce, zai yi tauri kamar roba. A tsame shi cikin ruwan ƙanƙara, a tsane, a gauraya da mayonis kaɗan da lemun tsami da ganyen albasa. A Denmak ana tula shi a kan yanki ɗaya na burodi da aka shafe da bota, a bar shi a buɗe, a ci da wuƙa da cokali mai yatsu. A birnin New Orleans na Amurka kuwa turbuɗa shi ake yi a garin masara mai barkono, a soya minti 2, a cika dogon burodi da shi tare da latas da tumatir da kokwamba mai tsami. Wannan na biyun a ci shi nan take, domin ba ya jira.

Naman ƙaguwa a baje shi a faranti a tsince ɓaraguzan ɓawo kafin a haɗa, kuma a taƙaita kayan ƙamshi don kada a rufe zaƙinsa. Sandunan da ake sayarwa da sunan ƙaguwa kuwa yawanci niƙaƙƙen farin kifi ne da sitaci, an riga an dafa su, yayyankawa kawai suke buƙata.

Mataki na bakwai: jerawa da yankawa

A fara da shafi a fuska biyu. A sa abu mafi nauyi a ƙasa, ko kifi ne ko yalo ko wake. Abubuwa masu santsi, kamar tumatir da kokwamba da fiya, kada a haɗa biyu a jere, a raba su da ganye ko cuku, in ba haka ba za su zame su fito. Busasshen latas ya zauna tsakanin tumatir da burodi. Tsayin abin da ke ciki kada ya wuce abin da baki zai iya ɗauka a cizo ɗaya. Idan kayan sun yi yawa, a yi sanwic biyu. A rufe, a danna da tafin hannu a hankali, a naɗe da takarda, a bar mai sanyi ya huta minti 5, sannan a yanka ta cikin takardar da wuƙa mai haƙora, ana ja da turawa ba tare da dannawa ba.

Ajiya da kiyaye lafiya

Ƙwayoyin cuta suna yaɗuwa da sauri tsakanin digiri 5 da 60, saboda haka sanwic ɗin ƙwai ko kifi ko jatan lande kada ya wuce awa 2 a wajen firji, idan kuma zafin wuri ya haura digiri 32, awa 1 ne iyakarsa. Haɗin ƙwai da na tuna suna yin kwana 3 zuwa 4 a firji cikin rufaffen mazubi, ragowar kifin gwangwani kuma a juye shi a kwalba ko roba mai murfi. Tuna da makarel da sardin suna da wani haɗari na daban: idan suka daɗe cikin zafi kafin a dafa su, sinadarin histamin yakan taru a namansu, wuta kuma ba ta lalata shi, sai mai ci ya ji fuskarsa ta yi ja, da ƙaiƙayi da ciwon kai jim kaɗan bayan ci. Kifin da aka ji yana yaji-yaji a harshe ba tare da an sa masa barkono ba, a daina cinsa.

Jatan lande da ƙaguwa suna cikin abincin da jikin wasu mutane ba ya karɓa, har takan kai ga kumburin maƙogwaro da toshewar numfashi, don haka a tambayi baƙo kafin a ba shi, a kuma raba wuƙa da katakon yanka. Ga masu juna biyu da masu shayarwa, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka tana ba da shawarar cin kifi sau 2 zuwa 3 a mako daga nau'o'in da sinadarin makyuri mai guba ya yi ƙaranci a jikinsu, kamar sardin da salmon da karfasa da jatan lande, tare da guje wa manyan kifaye masu cin 'yan uwansu irin su shak da kifi mai takobi. Kyafaffen salmon wanda ba a dafa ba shi ma mai juna biyu ta bar shi sai an dafa shi ya yi zafi har ciki.

Idan sanwic ɗin na tafiya ne ko na wurin aiki ko makaranta, kuma za a daɗe kafin a ci, hanya mafi aminci ita ce a raba kayan: burodin da aka shafe a naɗe shi daban, haɗin kifi ko ƙwai a ƙaramin mazubi mai murfi, tumatir da kokwamba a wani. A sa su a jaka tare da gorar ruwa da aka daskarar a firiza, ta jingina da mazubin kifin, a haɗa sanwic ɗin a lokacin da za a ci.